Sha Biyu Bisa Ashirin

A gidanmu na unguwar Maourey, Baba ba ya kiran sunan Yaya Fa'iza. Ita ce ƴar fari, shi kuma haifaffen Damagaram ne, ko da yake ya tsufa yana sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai. Idan zai ambace ta sai ya ce "waccan" ko "yayarku". Ba ya zama hira da ita, ba ya yabonta gaban kowa, ita ma daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi ta wuce. Kunyar Inna kuwa ta fi ta Baba ƙarfi. Shi ya sa duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakina take bi. Ni ce Ladi, mai bi mata. Na bar lekol, makarantar boko, tun aji huɗu saboda wani ciwo da ya daɗe tare da ni, ban koma ba, ɗinki nake yi a gida. Ba ni da yawan magana, ina jin don haka ne aikin ya faɗo kaina.

Bana Yaya Fa'iza ta ci bak, jarrabawar fita sakandare, a ɓangaren lissafi da ake kira seri C. Ranar da sakamako ya fito maƙwabta suka cika tsakar gida da guɗa. Baba ya ɗauki buta ya nufi masallaci kamar bai ji komai ba. Da yamma ya dawo da kaji riƙe a hannu, ya ce wai ya tarar sun yi arha ne.

Kowa ya ɗauka likita za ta karanta. Sai da lokacin rajistar jami'a ya zo ta kira ni ɗaki ta ba ni saƙo. Ta ce lissafi take so, daga nan ta wuce statistik, ilimin ƙididdiga, daga ƙarshe kuma wani abu da ake kira aktuwariya. Ta sa na yi ta maimaita kalmar har harshena ya saba.

Na sami Baba a zaure tare da ƙanensa, Tonton Isma'ila, wanda ke aiki a ofishin gwamnati, gidansa na unguwar Dar es Salam, nan Yamai. Mutum ne da ba ya barin magana ta wuce bai ja ta da wasa ba. Na durƙusa na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Baba ya tambaya mene ne kuma wannan na ƙarshen, ni kuwa ban sani ba. Tonton ya ajiye kofin shayinsa.

"Yaya, ai su ne masu lissafa wa kamfanonin asirans, wato inshora, yaushe mutum zai mutu. Ka ba ta shekarunka da nauyinka da yawan kilishin da kake ci a ɓoye, sai ta faɗa mana ranar da za mu yi maka sadakar uku. Mu ma mu huta, mu sayi gero tun yana da arha."

Shi kaɗai ya yi dariya. Baba ya dube ni, ya ce, "Ki ce mata ban yarda ba. Ajali a hannun Allah yake. Ba a gidana za a yi duba da alƙalami ba."

Tonton ya ga abin ya ɓaci, ya shiga gyara magana, yana cewa wasa yake yi, aiki ne mai daraja, ƙasar ma ba ta da su da yawa. Baba ya ce na farkon da ya faɗa shi ne na gaskiya, na biyun lallashi ne.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta zirga-zirga tsakanin zaure da ɗakinmu. Yaya ta ce in ce ba duba ba ne, ilimi ne. Baba ya ce masu duba ma ilimi suke kiran nasu. Ta ce Tonton a ofishin filaye yake aiki, bai san komai a kai ba. Baba ya ce to ita a wane ofishi take. Ta daina cin abinci sosai. Rajista ta kusa rufewa, in ta wuce shekara ta tafi ke nan, kuma ta ce jarrabawar da take hange a gaba tana da iyakar shekaru, ba a son mutum ya yi ta ɓata lokaci a hanya. Likita kuwa ta ce ko a ɗaure ba za ta yi ba, ganin jini juwa yake sa ta.

Wata safiya Baba zai fita kasuwa ya tsaya bakin kekena na ɗinki. Ya ce in bi yayata can jami'ar, in sami malamin abin da kansa, in yi masa tambaya biyu. Ta farko, shin suna da'awar sanin ranar mutum. Ta biyu, me suke nema wajen ɗalibi. Na ce masa ba na jin Faransanci sosai, a aiki Tonton mana.

"Ke nake so ki je," in ji shi. "Yayarki abin da take so shi za ta ji. Isma'ila zai mayar da shi wasa. Ke kuwa abin da aka zuba miki shi kike kawowa, ba ragi ba ƙari."

Muka shiga faba-faba, ƴar bas ta haya, muka haye tsohuwar gada zuwa Harobanda, unguwar ƙetaren kogi inda jami'ar take. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, kogi ya cika ya yi ja. Na sha haye gadar nan zuwa biki ko gaisuwa, amma ban taɓa shiga jami'a ba. Na ɗauka gini ɗaya ne babba kamar asibiti. Ashe gari ce guda, da hanyoyinta da bishiyoyinta. Ɗalibai zaune ƙarƙashin dogonyaro, wasu sun jingina allo a jikin bishiya suna gardama a kan rubutu kamar masu cinikin saniya. Na ƙara jan mayafina, na bi bayan Yaya.

Wani tsohon malaminta na lissafi ne ya ce ta nemi Madam Balkissa, mai koyar da statistik. Aka ce mana tana cikin amfi, muka tsaya daga ƙofar baya muna jira. Amfi ɗaki ne da kujerunsa ke gangarawa kamar bakin kogi. Ya cika maƙil, har a kan matakala mutane na zaune da takarda a gwiwa. Can ƙasa wata ƴar ƙaramar mace cikin atamfa ruwan ƙasa, irin wadda Baba ke sayarwa, tana rubutu a allo mai faɗin bangon gidanmu. Na san lambobi, na san tarawa da ɗebewa, da awo nake cin abinci. Amma a allon nan lambobi kaɗan ne. Akwai wata alama kamar an kwantar da harafin M a gefensa, da wata doguwa siririya kamar ƙugiyar rataye nama, da wani zane mai kama da tudun gero, tsakiya ya tashi gefe biyu sun kwanta. Duk yawan mutanen nan babu mai tari. Idan ta ɗaga alli sai kawuna su ɗago tare, idan ta rubuta su sunkuya tare. Ban taɓa ganin irin wannan shiru ba in ba a sallar Idi ba. Na waiwaya in ga Yaya, na tarar leɓenta na motsi, tana bin rubutun. Sai a lokacin na gane cewa yarinyar da muke kwana ɗaki ɗaya, wadda ke sace mini allura, tana jin wannan harshe.

Bayan an tashi Madam Balkissa ta kai mu ofishinta, ɗan ƙaramin ɗaki cike da littattafai. Bazabarmiya ce, amma tana jin Hausa, tana ɗan taune ta. Yaya ta yi mata bayani da Faransanci, na ga ta dube ni ta saman tabarau, ta yi murmushi.

"To, jakadiyar Alhaji, fofo, sannu da zuwa. Faɗi saƙonki."

Ta zuba mini ruwa, ta ci gaba da goge alli daga yatsunta kamar ba jirana take ba. Da kyar na ce Baba na tambaya ko sun san ranar da mutum zai mutu.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ki gaya wa Alhaji, da mun san ranar mutum da an rufe wannan sashen mun koma gida. Don ba mu sani ba ne muke zaune nan. Abu na farko da nake koya wa yara shi ne ba su sani ba, kuma su koyi auna girman rashin sanin nasu."

Ta ga ban gane ba, sai ta tambaye ni ko na taɓa raka wata haihuwa. Na ce na raka matar Tonton. Ta ce kafin a haihu, in ba a duba da na'ura ba, wa ya san mace ce ko namiji? Na ce Allah kaɗai. Ta ce haka ne. Amma in aka tara haihuwa dubu, dubu goma, ta Yamai ko ta Maraɗi ko ta wata ƙasa da ba mu taɓa jin sunanta ba, sai a tarar kusan rabi da rabi ne, maza sun ɗan ɗara kaɗan. Bana haka, bara haka, tun lokacin da aka fara rubutawa haka. Ba wanda ya zauna da matan nan ya raba musu, ba su ma san juna ba. Ta ce mutuwa ma haka take. Cikin dattawa dubu masu shekara sittin ana iya kimanta kusan nawa za su ga saba'in, don a san irin tanadin da za a yi wa masu ritaya da marayu da gadajen asibiti. Amma wane ne a cikinsu, Alhaji ne ko maƙwabcinsa, wannan babu alƙalamin da ya taɓa kaiwa wurin.

Na tuna matan unguwarmu, wannan ta haifi mata zalla tana kuka, waccan maza zalla tana neman mai taya ta daka, kowace tana ganin nata abin ba shi da tsari. Ashe in ka ja da baya nesa ka duba, akwai ma'auni da ke riƙe da su duka, bai taɓa karkata ba. Na ji ina so in yi tasbihi a ofishin mutane.

Tambaya ta biyu ta fi sauƙin fita. Madam ta amsa a hankali, tana tsayawa in maimaita. Ta ce sai da bak na lissafi ko na kimiyya, seri C ko D. Sai shekara uku na lissafi zalla, a cikinsu ba mai ma ambaton asirans, sai lissafin yiwuwa da wasu da ta kira sunansu na kasa riƙewa. Dole ɗalibi ya iya ba ordinata, wato kwamfuta, umarni da harshenta, ba danne-danne kawai ba. Dole ya ji Ingilishi don yawancin littattafan da shi aka rubuta, ya san tattalin arziki, ya kuma iya rubuta Faransanci mai tsabta, domin in ka gano abu ka kasa bayyana wa shugabanni to ba ka yi komai ba. Bayan nan sai konkur, jarrabawar gasa da ɗaliban ƙasashe da yawa ke zama tare, a ɗauki kaɗan zuwa manyan makarantu irin na Abijan ko Dakar. Aktuwariya kuma tana can gaba da wannan. Ni dai ji nake kamar ana ba ni labarin hanyar Makka a ƙafa.

Sai ta juya ga Yaya ta tambaye ta nawa ta ci a lissafi ranar bak. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce sha biyu bisa ashirin. Madam ta cire tabarau. Da Hausa ta amsa, ina jin don ni ma in ji.

"Sha biyu ya isa a buɗe miki ƙofa. Amma amfin da kuka gani cike, in an kai shekara ta uku layukan gaba kawai ke da mutane. Waɗanda na gani sun haye konkur yawancinsu da sha biyar ko sha shida suka zo mini. Ba zan yaudare ki ba, ƴata, ina shakka za ki kai. Akwai wasu karatun masu kyau da ba za su karya ki ba. Ki yi tunani."

Yaya ta yi godiya, muka fito. Muka shiga mota. A tsakiyar gada ta damƙi hannuna ta ce in faɗa wa Baba komai, amma ban da na ƙarshen. Ta ce yanzu ma neman dalili yake, in ya ji malamar da kanta na shakka to an gama. Ta ce ranar jarrabawar ta kuskure tambaya guda ce mai maki da yawa, ta san kanta, ta san za ta iya. Na ce mata to. Ban san me "to" ɗin nan nawa yake nufi ba.

Baba bai tambaye ni ba a ranar, bai tambaye ni ba washegari. Sai ran Lahadi ya ce in shirya in raka shi lambunsa na Tondibia, Inna na son zogale za ta yi kopto, kwaɗon ganye. Na san ba zogale ne ya sa ba, so yake mu yi nesa da kunnuwan gida. Litinin ce ranar ƙarshe ta rajista.

Lambun na gangaren kogi ne, mangwaro da lemo da zogale. Ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin mangwaro, ni ina tsinkar ganye cikin kwarya a gefensa. Ya ce to, yana ji.

Na faɗa masa na farko kamar yadda Madam ta faɗa, har da maganar rufe sashen. Ya sa na maimaita. Na ba shi labarin haihuwa dubu. Ya ɗauko carbi yana ja, yana kallon wani mai kwalekwale can tsakiyar ruwa.

"Rabi da rabi," ya ce. "To ni da nake da ƴaƴa mata huɗu, nawa rabon mazan wa ya kwashe?"

Na ce Tonton Isma'ila na da maza biyar. Dariya ta kuɓuce masa har ya yi tari. Da ya natsu ya ce, "Subhanallahi. Ya ɓoye ɗaya, ya bar dubu a fili." Ya ce in haka ne ba duba ba ne, ya ji. Amma bai ce ya yarda ba. Ya ce in ci gaba.

Na jero masa abin da suke nema, shekara ukun lissafi, ordinata, Ingilishi, gasar ƙasashe, Abijan ko Dakar. Ina faɗa fuskarsa na ƙara rufewa. Ya ce hanyar ta yi tsawo ga ƴa mace, ga ƙasar waje, ga shekaru. Ya ce likita nan Yamai ake yin ta, mutum ya kwana gidansu. Na ji a raina abin ya tafi. Ya miƙa hannu zai ɗauki takalmansa, sai ya tsaya ya dube ni.

"Shi ke nan abin da ta ce?"

Na ci gaba da tsinkar ganyen da na riga na tsinke. Na tuna hannun Yaya a kan gada. Amma ban taɓa kawo wa Baba rabin saƙo ba, ban ma san yadda ake yi ba. Ya sake tambaya, a hankali. Sai na faɗa masa. Sha biyu bisa ashirin, layukan gaba, sha biyar da sha shida. Na ce malamar ta ce tana shakka Yaya za ta kai, ta ba ta shawara ta nemi wanda ba zai karya ta ba. Ina faɗa hawaye na zubo mini cikin kwaryar.

Baba ya ajiye takalmin.

"Shakka take yi?"

Na ce haka ta ce.

"Ita matar nan, sau nawa ta taɓa ganinta? Sau ɗaya, a tsaye." Muryarsa ta sauya, ban taɓa jin ta haka ba. "Yarinyar da ta koya wa kanta karanta agogo tun ba ta kai tsawon tebur ba. Ana ɗauke wuta ta fita ta zauna ƙarƙashin fitilar mai shayi da littafi, sauro na cin ta, ni ina zaure ina kallo, ta ɗauka ban gani ba. Malaminsu ya biyo ni har kasuwa ya ce bai taɓa koyar da irinta ba, na ce masa ya sayi atamfa ko ya ba ni wuri. Ita ce za a ce wa ana shakka? Don maki uku?"

Ya miƙe ya tafi har bakin ruwa, ya daɗe tsaye hannuwansa a baya. Ni kuwa na zauna baki buɗe. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya faɗi alheri ɗaya a kan Yaya ba, na ɗauka ma bai san ajin da take ba. Ashe duk yana nan ajiye.

Da ya dawo ya koma Baban da na sani. Ya sa takalmansa, ya naɗe buzu, ya ce in ce wa waccan ta shirya takardunta, gobe da sassafe Isma'ila zai zo da mota ya kai ta, tunda bakinsa ne ya jawo abin. Lissafin za ta yi. Maganar Abijan kuma in lokacin ya zo a sake aiko ni. Mun kusa inda za mu shiga mota ya ƙara da cewa, ba tare da ya waiwayo ba, "Sauran da kika ji a nan, ba saƙo ba ne. Ki bar shi a Tondibia."

Na sami Yaya a ɗaki tana ninke kaya da ba sa bukatar ninki. Na faɗa mata. Ta zauna bakin gado ta rufe fuska da zanen da ke hannunta, kafaɗunta na rawa. Can ta ɗago ta tambaye ni ko na ɓoye masa maganar Madam. Na ce a'a, na faɗa masa duka. Ta zaro ido.

"To me ya sa ya yarda? Me ya ce?"

Na ɗauki kwaryar zogale zan kai wa Inna. Na ce mata yana nan zaure, in tana son sani ta je ta tambaye shi da kanta. Ta jefo ni da matashi, ya sami ƙofa.